Tambaya da Amsa: Makullin Shafin Sashenku Yana Aljihun Wa?

Wasiƙun wannan makon kamar masu su sun haɗa baki. Shida na ware, duk a kan shafukan intanet na sassan jami'a. Shekara 11 na yi ina wannan aiki a cibiyar kwamfuta ta wata jami'a kafin in ajiye shi, shi ya sa wasu tambayoyin ina karantawa ina jin kamar tsohon miki aka fama mini. Kamar kullum, na sakaya sunaye, na kuma rage tsawon wasiƙun da suka zarce.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wata uku ke nan da aka ɗora mini shugabancin sashenmu. Da na buɗe shafin sashen sai na tarar hoton shugaban da ya sauka shekara biyar da suka wuce ne ke yi wa baƙi maraba. A jerin malamai akwai mutum biyu da suka riga mu gidan gaskiya, sababbin ɗauka kuwa ko ɗaya babu. Malamin da ya gina shafin ya tafi ƙarin karatu ƙasar waje, sau uku muna aika masa saƙo, shiru. Ga masu tantance kwasa-kwasai suna tafe nan da wata biyu. In sa a gina sabo kawai? (Wani shugaban sashe)

Amsa: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Allah ya taya riƙo, waɗanda suka rasu kuma Allah ya jiƙan su. Kada ka yi gaggawar gina sabo. In ka gina alhali tsohon yana nan, kun zama masu shafi biyu, kuma tsohon Google ya sani, shi zai ci gaba da miƙa wa duk wanda ya nemi sashenku.

Mutane kan ɗauka makullin shafi ɗaya ne, wato kalmar sirrin da ake shiga da ita a canza rubutu ko hoto. A gaskiya wannan shi ne mafi sauƙin maye wa gurbi. Akwai makullin sabar, wato kwamfutar da fayilolin shafin ke zaune a kanta, sannan akwai babban, mallakar sunan adireshin kansa, wanda ake rubutawa a saman burauza. Da shi za ka fara.

Dubi adireshin da kyau. In sunan sashenku rataye yake a jikin na jami'a, ya ƙare da .edu ko .edu.ng ko .ac.uk ko makamancinsu, to ka sha kuruminka. Rubuta takarda zuwa ga daraktan cibiyar kwamfuta, su buɗe maka sabon asusu su rufe na malamin, aikin rabin yini ne in sun ga dama. Irin waɗannan adireshi ba a sayar wa kowa da kowa. Shi .edu tun 1985 yake, kuma tun 2001 ƙungiyar Educause ke riƙe da shi, ba ta ba da sabo sai ga manyan makarantun Amurka da aka tantance. Sauran ƙasashe kowace da nata da sharuɗɗanta. Muddin jami'a na raye tana biyan nata, na sashenku ba ya ɓacewa.

In kuwa ya ƙare da .com ko .org, kusan tabbas malamin ne ya saya da katin bankinsa da imel ɗinsa, wataƙila don ya gaji da jiran cibiyar kwamfuta (ba na ganin laifinsa, na san halinmu). Wannan haya ce ta shekara-shekara. Ranar da ta ƙare kamfanin da ya ba da hayar kan ɗaga ƙafa na ɗan lokaci, bayan nan akwai kwana 30 na fansa da tara mai zafi, daga nan sai kasuwa, mai rabo ka ɗauka.

Ba na manta wata safiyar Litinin. Sakatariyar wani sashe ta shigo ofishina ko zama ba ta yi ba, ta ajiye wayarta a kan teburina ta kau da kai. A sama adireshin sashensu ne, harafi bai canza ba. A ƙasa tallan caca ne da hotunan da ba zan siffanta a mujalla ba. Kowa na cewa kutse aka yi. Ba kutse ba ne. Haya ce ta ƙare, saƙonnin tuni suna ta sauka a akwatin imel na wani da ya bar aiki shekara biyu, wasu kuma suka saye adireshin da kuɗinsu, halak malak. Masu irin wannan sana'a farautar tsofaffin adireshin makarantu suke yi, saboda shafukan ilimi da yawa sun riga sun yi nuni gare su, injin bincike ya yarda da su. Adireshin nan yana buge a saman takardun wasiƙar sashen, da bayan mujallarsu, da allon bakin ƙofa. Ba mu dawo da shi ba har na bar wurin.

Saboda haka nemi malamin nan ta waya, ko ta wani abokinsa a sashen. Sau da yawa ba ƙin amsawa ba ne, akwatin imel ɗin ne ya daina buɗewa. Abu biyu za ka roƙa: kalmar sirri, da lambar da kamfanin ke bayarwa don canja mallakar adireshi. In an samu, a gina shafin a ƙarƙashin adireshin jami'a, a sa wa tsohon umarnin turawa mai lamba 301, duk wanda ya ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa a kai shi sabuwa. In ba a samu ba, a shiga Wayback Machine na Internet Archive, masu adana kwafin shafuka tun 1996, a kwaso rubutun da ke da amfani.

Ga abin da na fi so ka ɗauka, ranka ya daɗe. Duk asusun da za a buɗe, a buɗe shi da imel na ofishin shugaban sashe, wanda mai kujera ke gada. Mutum biyu su san hanyar shiga, ɗayansu ma'aikacin ofis wanda ba ya tafiya ƙarin karatu. Sannan shafin ya shiga takardar miƙa aiki, layi ɗaya da makullin kabad da hatimi.

Wata biyun da ke gabanka sun isa, in ba ka biye wa ado ba. Jerin malamai, kwasa-kwasai da lambobinsu, sharuɗɗan shiga, lambar waya da wani ke ɗauka. A ƙasan kowane shafi a rubuta ranar da aka duba shi. Mamatan nan biyu kada a goge su kamar ba a yi su ba, a mayar da su wani shafi na tunawa, da shekarun da suka yi hidima. Iyalansu da ɗalibansu suna leƙawa fiye da yadda kake zato.

Tambaya: Malam, barka da aiki. A taron sashe aka ce ni zan kula da shafi, don ni ne ƙarami kuma an ga ina gyara wa mutane waya. Wani ya ce in yi da WordPress, wani ya ce Drupal ne na manyan jami'o'i, wani ɗalibina kuma ya ce zai rubuta mana namu daga tushe a matsayin aikinsa na kammala digiri. Wanne zan bi? (Wani ƙaramin malami)

Amsa: Ƙanena, sannu da ɗaukar kaya. Na ukun fara ajiye shi gefe. Ɗalibin zai iya rubuta abu mai kyau, ya ci makinsa, amma wata shida nan gaba ya karɓi sakamako ya tafi, ya bar ka da gini wanda shi kaɗai ya san inda wayoyin wuta suka bi. Na gaji irin waɗannan har huɗu, ko ɗaya bai kai shekara biyu a tsaye ba.

Tsakanin sauran biyun, amsar ba a hannunka take ba, tana cibiyar kwamfutarku. Je ka tambaye su me jami'a ke amfani da shi, wa ke sabunta shi, ko za su yanka maka fili a ciki. In sun ce i, karɓi abin da suke da shi ko da bai burge ka ba. WordPress da Drupal dukansu manhajojin gina shafi ne nagari. Drupal ma a ɗakin kwanan ɗaliban Jami'ar Antwerp ta Beljiyam aka haife shi, Dries Buytaert ya sake shi ga jama'a a 2001, kuma ya fi dacewa da jami'ar da ke da sassa masu yawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya, da ma'aikata masu kula da shi. WordPress ya fito a 2003, yanzu sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke, wato duk matsalar da za ka ci karo da ita wani ya riga ka, ya kuma rubuta maganinta. In kai kaɗai ne, ga darasi ga duba takardun jarrabawa, WordPress zai fi yi maka sauƙi.

Abin da ba a faɗa maka a taron ba shi ne ginin sati biyu ne, gadin kuwa ba ya ƙarewa. A watan Oktoba na 2014 an bayyana wata ɓaraka a Drupal 7, aka fitar da maganinta. Daga baya masu kula da tsaron manhajar suka ce duk shafin da bai sa maganin ba cikin awa bakwai, mai shi ya ɗauka an riga an shige shi. Awa bakwai! Ba mutum ke zaune yana neman sashenku ba, manhajoji ne ke kewaya intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi kansa Drupal 7 an daina ba shi tallafin tsaro tun 5 ga Janairun 2025, don haka in ka tarar jami'arku a kansa take har yanzu, ka ɗaga murya. A WordPress kuwa yawancin tsagar daga ƙananan manhajojin ƙari take zuwa, waɗanda ake liƙawa don hoto ya riƙa juyawa ko agogo ya bayyana a kusurwa. Kowace ka liƙa ka ƙara taga a gidanka. Biyar sun ishe ka, wadda ba ka amfani da ita ka cire ta gaba ɗaya.

Ka riƙa ɗaukar kwafin ajiya, ɗaya a wajen sabar. Kuma sau ɗaya a zango ka gwada mayar da shi ka gani ko yana tashi, don na taɓa buɗe kwafin da muka dogara da shi wata takwas na tarar fanko ne.

Sai na ƙarshe, wanda ba na kwamfuta ba: nemi takardar naɗi a rubuce, a kuma lissafa aikin cikin nauyin da ke kanka. In ba haka ba, ranar ƙarin girma ba wanda zai tuna, ranar da shafi ya faɗi kuwa kowa ya san lambarka.

Tambaya: Malam, in na buɗe shafin sashenmu waya takan ce ba shi da tsaro. Jadawalin darasi kuma hoton takarda ne da aka ɗauka a karkace, sai na yi ta ja da yatsa. Ni ce ban iya ba? (Wata ɗaliba)

Amsa: 'Yata, ba laifinki ba ne. Tun watan Yulin 2018 burauzar Chrome ke yi wa duk shafin da ba shi da takardar shaidar tsaro wannan tambari. In adireshin ya fara da http ba https ba, kada ki rubuta kalmar sirri ko lambar rajistarki a ciki. Gyaran ba ya cin ko sisi, Let's Encrypt kyauta suke ba da takardar tun 2015. Kwana 90 take yi, shi ya sa ake saita sabar ta riƙa sabunta ta da kanta, kuma inda aka manta da wannan saitin ne za ki ga shafi lafiya lau yau, bayan wata uku gargaɗi ya rufe allo.

Hoton jadawali kuwa ke kina ja da yatsa, ɗalibi makaho da manhaja ke karanta wa allo bai ma san akwai jadawali ba, domin manhajar rubutu take karantawa. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafuka, na ƙungiyar W3C, waɗanda bugunsu na 2.2 ya fito a 2023, abin da suka fara da shi ke nan: duk abin da ba rubutu ba a samar masa madadi a rubuce. Ku sa wakilin ajinku ya kai maganar, ya nemi a buga jadawalin a jikin shafi.

Tambaya: Malam, ɗalibai suna cika mini ofis lokacin fitar sakamako. Na yi tunanin in riƙa ɗora takardar maki a shafin sashe, da suna da lambar rajista, kowa ya duba nasa. Akwai matsala? (Wani jami'in jarrabawa)

Amsa: Akwai, Malam, babba ma. Allon sanarwa na bakin ofis iska da ruwa kan cinye takardar cikin sati biyu. Abin da ka ɗora a intanet injin bincike zai kwashe, ma'adanai su adana, shekara goma nan gaba mai ɗaukar aiki ko mai neman aure ya rubuta sunan yarinya ya ga ta faɗi kwas a aji biyu. Ko ka goge fayil ɗin, kwafinsa ya riga ya bazu.

Doka ma ta shigo ciki. Tarayyar Turai tana da GDPR tun 25 ga Mayun 2018, Najeriya ta yi dokar kare bayanai a 2023, Amurka kuwa tun 1974 take da FERPA wadda ta keɓanci bayanan ɗalibai. Cire suna a bar lamba ba ya wadatarwa, 'yan aji sun san lambobin juna. Kuma ka yi hattara da fayil ɗin Excel: ginshiƙin da ka ɓoye yana nan daram, da dannawa biyu ake fito da shi. Na taɓa sauke wani cikin dare saboda ɓoyayyen ginshiƙin ranakun haihuwa ne da lambobin wayar aji guda. Sakamako wurinsa manhajar rajistar ɗalibai, inda kowa ke shiga da kalmar sirrinsa ya ga nasa shi kaɗai. A shafin sashe rubuta layi ɗaya: sakamako ya fito, a duba can.

Tambaya: Hukumar jami'a ta ce kowane malami ya ɗora maƙalunsa a shafin sashe don mu hau sama a jerin darajar jami'o'i na Webometrics. Na ba su maƙala 60 a sikana. Ya isa? (Wani farfesa)

Amsa: Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya. Ina jin tsoron wahalar banza aka sha. Takardar da aka sikana hoto ce, Google Scholar, injin binciken maƙalu, ba ya iya karanta abin da ke ciki sai an bi ta da manhajar gane haruffa. Sannan maƙalar da aka buga a mujalla, sau da yawa haƙƙin wannan bugun na kamfanin da ke buga mujallar ne, ɗora shi a fili na iya jawo wasiƙar lauya. Abin da ya fi: a shafinka a jera sunayen maƙalun, kowace da lambarta ta DOI, wato lambar dindindin da ake gano maƙala da ita a intanet, kwafin da mujallar ta yarda a saki kuma a kai shi ma'adanar ɗakin karatu na jami'a. Ka buɗe ORCID, lamba ce mai gurbi 16 da aka fara bayarwa a 2012, ita ke raba ka da masu suna irin naka.

Shi jerin Webometrics wani rukunin bincike na hukumar CSIC ta Sifaniya ya fara shi a 2004, kuma babban abin da yake aunawa shi ne yawan shafukan waje da ke nuni zuwa adireshin jami'a. Tara fayiloli ba ya sa kowa ya yi nuni gare ku. Sashen da ya je ya kama hayar .com kuwa, duk nunin da ya samu ba ya shiga lissafin jami'arsa.

Tambaya: Malam, mun sa sashen Hausa a shafinmu, amma haruffa masu ƙugiya sun ƙi zama. Wani wuri akwati-akwati, wani wuri wasu alamomi kamar rubutun aljanu. Shugabanmu ya ce mu cire ƙugiyoyin mu huta. (Wata malama a sashen harsuna)

Amsa: Malama, a gaya wa shugaba, cikin ladabi, sashen harsuna ne wuri na ƙarshe da ya kamata a rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya. Cuta uku ce ke kama da juna, kowace da alamarta.

In akwati kike gani a gurbin harafin, rubutunki lafiyarsa ƙalau, salon haruffan da mai zanen shafin ya zaɓa ne ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. A canza shi zuwa wanda ke da su, kamar Noto na Google, ko Charis da Andika na SIL, duk kyauta ne. Ki gwada manyan ma, Ɓ da Ɗ da Ƙ, don a kanun labari aka fi kama su.

In kuwa ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, to an adana rubutun da tsarin UTF-8 ne amma ana karanta shi da tsohon tsarin Turai ta Yamma. Kowane harafi mai ƙugiya gida biyu yake ci a UTF-8, tsohon tsarin sai ya ɗauki kowane gida harafi mai zaman kansa. Mai kula da shafin ya tabbata shafin da rumbun bayanan duk UTF-8 suke magana. Wannan yana gyaruwa. Wanda ba ya gyaruwa shi ne in haruffan sun koma alamar tambaya tun a cikin rumbun, a nan asalin ya tafi, sai an sake bugawa.

Ta ukun ita ce ta fi kama sassan Hausa. Kafin Unicode, tsarin haruffa na bai ɗaya, ya yaɗu, an yi wasu salon haruffa da suka ari maɓallan baka-baka suka zana ƙugiya a kansu. A kwamfutar da aka sa su komai daidai, amma da an kwafo rubutun zuwa intanet sai asiri ya tonu: ƙasa ta zama }asa, ɗaya ta zama ]aya, ɓera ya zama ~era. In tsofaffin takardunku haka suke, ki buɗe su a Word, ki yi nema da musanyawa, } zuwa ƙ, ] zuwa ɗ, ~ zuwa ɓ, manyan su ma haka, sannan ki bi da ido don kada a taɓa baka na gaskiya da ke cikin rubutun. Sababbi kuwa a riƙa buga su da madannin Hausa, akwai shi a Windows, akwai shi a Gboard na waya.

Wuri ɗaya na yarda da shugabanku: sunan fayil da adireshin shafi. A nan ki bar ƙugiya, ki rubuta kaidojin-rubutu, domin in aka tura adireshi mai ƙ ta saƙo yakan rikiɗe ya zama %C6%99, ɗalibi ya ga dogon abu ya ji tsoron dannawa.